Shingen da Kuka Kafa a Gonarmu ta Cikin Waya

Zuwa ga Shugaban kamfanin da ya ƙera wasan gonar nan na cikin waya, a duk ƙasar da ofishinsa yake.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, ina gaishe da iyali, ina kuma gaishe da ma'aikatanka da ke zaune a ɗaki mai sanyi suna yanke wa mutanen Mai'adua hukuncin inda za su shuka tumatir. Ni malamar firamare ce mai ritaya, a nan Mai'adua cikin masarautar Daura. Na fito fili ne saboda da na rubuto muku a sirrance, inji ne ya amsa mini.

Bari in fara da abin da ba ku sani ba, don na lura yana da yawa. Ina da ɗan fari, yana aikin wutar lantarki a Dubai. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaman hira da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ce, haka muka tarar, haka na yi. In zan ambace shi sai in ce yayan Ummi, da sunan ƙanwarsa. In ya bugo waya gida ya gaishe ni, in ce lafiya lau, in miƙa wa Ummi in fita tsakar gida, kunnena kuwa yana ɗaki.

Zuwansa na ƙarshe ya kawo mini tsarabar babbar waya. Ya sayi wasanku a can da guminsa, ya sa a tawa ya sa a tasa, gona ɗaya mu biyu muke nomawa. Ya ajiye wayar a kan tabarma ya ce Ummi ta nuna wa Inna. Na ce me zan yi da gonar ƙarya, ni da na san zafin fartanya? Na yi ta mita har ya koma. Da ya koma na buɗe.

A can rana tana riga tamu fitowa. Kafin in idar da sallar asuba ya riga ya yi ban ruwa ya tafi aiki. In na buɗe na ga danshi a ƙasa, na san yaron nan ya tashi lafiya. Ni kuma in yi girbi, in ba kaji hatsi, in ya dawo ya gani ya san na wuni lafiya. Ranar da ya yi zazzaɓi, tumatir ne ya fara gaya mini. Tambayar da bakina bai taɓa iya yi masa ba, gonar nan ce take amsa mini ita kowace safiya, ita kuma kuka rufe.

Ga ƙorafina.

Na ɗaya. Wata safiya na buɗe, sai ga rubutu ya tare ƙofar gona, wai an sayi wasan ne don yankin Larabawa, ba ya aiki a yankina. Yallaɓai, da can da yake aiki a wane yanki nake? Ban yi ƙaura ba. Gidan ne, katifar ce. Lokacin da za ku sayar masa ba ku tambaye shi inda uwarsa take ba. Ummi ta ce mu sayi na yankinmu, aka bincika, ashe na yankinmu gonarsa daban, ba ta haɗuwa da ta can. To in noma wa wa?

Na biyu. Ku kanku ba ku san yankin nawa ba. In ina ɗakina kun ce ina Najeriya. In na zaga wajen turken awaki waya ta kama layin Nijar, sai ku aiko da saƙo da Faransanci kuna yi mini barka da zuwa. Barka da zuwa ina? Wajen awaki? Mu nan akwai mai gonar da rabinta ke Najeriya rabi a Nijar, yana shuka gero ya girbe, ba a taɓa tambayar daminsa fasfo ba. Ku ne na farko da kuka kafa shingen bincike a kan karas ɗin da ko akuya ba za ta iya ci ba.

Na uku. Na kai wayar kasuwa wajen Chinedu mai gyaran waya, mutumin kirki, duk 'ya'yansa a garin nan aka haife su. Ya sa mini wata manhaja mai sa waya ta yi ƙaryar tana Dubai. Gona ta buɗe. Na tarar yaron nan bai fasa ban ruwa ba, amfani ya nuna yana tsaye ba mai girbi. Wallahi sai da na juya wa Chinedu baya na gyara mayafi. Washegari kuka gano, kuka sake rufewa, har da gargaɗin wai na yi maguɗi. Ni! Na tsufa a bakin iyaka ban taɓa tsallakar da ko mudun shinkafa ba, yau an kama ni da fasa-ƙwaurin kabewar hoto.

Na huɗu. Da na kai kuka, injinku ya ce in rubuta sunan wanda ya saya. Na riƙe wayar, yatsana ya ƙi. Na rubuta yayan Ummi. Aka amsa mini cewa ba ku da mai saye mai wannan suna, kuma kun gode da ra'ayina. Ku a ƙasarku ba a haifar ɗan fari ne?

Ana cikin haka Ummi ta koma makaranta Katsina, gida ya rage daga ni sai awaki. Kwanaki suka shuɗe ba labari, abinci ya daina shiga. Ranar wata Juma'a na kasa daurewa, na lalubo lambarsa na kira shi da kaina, abin da ban taɓa yi ba tun da ya bar ƙasar nan. Bugu ɗaya ya ɗauka. Ko sallama bai yi ba, ya tambaye ni wa ya rasu. Na ce ba kowa, hannuna ne ya taɓa. Na kashe. Ban tambaye shi lafiyarsa ba.

Tun ranar ya addabi Ummi da waya, wai lallai ba ni da lafiya ana ɓoye masa. Yanzu maganar ajiye aiki yake ya taho gida. Ni kuwa ba zan iya buɗe baki in ce masa kewarsa kawai nake yi ba.

Saboda haka ina roƙo, ku buɗe gonar kafin ya hau jirgi. In kuma dole sai an biya kuɗin fito, ku faɗi inda ake biya, mu mutanen iyaka ne, mun saba. Nan gaba in za ku zana yanki, ku tambayi mai saye inda nasa suke.

Allah ya ƙara wa kamfaninka kasuwa, ya shiryi injinka in ana shiryuwar inji. Allah ya ja kwanan mahaifiyarka, ya sa ranar da ta kira ka, kada mutuwa ta zama abin da zai fara faɗo maka a rai.

Wassalam.

Malama Hajara, Innar Ummi,
Mai'adua.