Ku Kira Ni a Hanya

Garki, Abuja

Iya,

Assalamu alaikum. Sannu da jinya. Ya jikin Baba? Hannun ya fara motsi kuwa? A gaida Yaya Abdulbaƙi.

Ni ƙalau nake, barci ne kawai ya yi wuya.

An mayar da ni sashen masu shanyewar ɓarin jiki. Shekaranjiya ogan sashen ya nuna mini gudan jinin da aka zaro daga jijiyar kan wani dattijo, ɗan tsito kamar ƙwayar shinkafa. Ya ce ja mai taushi ya fi jin allurar narkar da shi, fari mai tauri sau da yawa sai an zaro shi. Allurar kuma ba a yin ta in an wuce awa huɗu da rabi daga fara ciwon. Shi dattijon, direbansa ne ya kawo shi nan take, bai tsaya tambayar kowa ba. Yau da kansa ya riƙe kofin shayi.

Iya, Yaya ya ce ranar da bakin Baba ya karkace, mota na ƙofar gida, kuna jiran "likitarmu" ta ɗaga waya. Wayar tana jaka, ina zagayen marasa lafiya. Ni ce na ce kada a kai Baba ko'ina sai an tambaye ni. Ban san irin gudan jininsa ba, don haka ba zan ce da ya warke ba. Na kuma kasa cewa da bai warke ba.

Ki yafe mini. Kada Baba ya tsallake maganin hawan jini. In kun sake ganin alama, ku kama hanyar asibiti, ku kira ni a hanya. Ko ban ɗaga ba, kada mota ta tsaya.

Allah ya ba shi lafiya.

'Yarki,
Juwairiyya