Iskar da ke Zurarewa

Litinin, 4 ga Mayu, 1992
Malamar yaƙi da jahilci ta ce in riƙa rubutu kar hannu ya mutu. To ga shi. Basiru ɗana ya ce za a ɗauki 'yan badujala a Birnin Kebbi, tunda mun samu jiha, kuma zai je gwaji da baƙar sarewarsa mai maɓallan ƙarfe. Kilarinet yake ce mata. Na juya kifina a kan banda.

Laraba, 6 ga Mayu
Busar tana tsinkewa. Ya ja, ta yi ƙyat kamar ɗan tsako, sai haki, jijiyar wuya a tashe. Haka marigayi ubansa ya fara, yana tsayawa da filafilin tuƙa kwalekwale tsakiyar ruwa wai gajiya ce. Tari ya biyo baya.

Asabar, 9 ga Mayu
Wurin wanki na tsinci takardar naɗa taba a aljihunsa. Mairo maƙwabciyata ta ce, "Halimatu, ki ɓoye abin busar, ƙirji ba bututu ba ne." Na tura akwatin sarewar ƙarƙashin tsohuwar komar kamun kifi.

Lahadi, 10 ga Mayu
Ya birkice ɗaki. Bai tambaye ni ba, ya dai dube ni. Bai ci tuwo ba.

Talata, 12 ga Mayu
Na ɗauki akwatin na kai wa Baba James, tsohon sojan da ya koya masa, da niyyar ya riƙe abinsa. Na gaya masa har maganar taba. Ya yi dariya har da hawaye. "Innar Basiru, zauna."
Ƙarƙashin kowane maɓalli ashe akwai 'yar fata zagayayya da ke toshe rami. Ya yanki siririyar takardar taba ya sa a ƙasan ɗaya, ya danne, ya ce in ja. Ta riƙe. Wata ma ta riƙe. A ta sama kuwa takardar ta zare salalaf. Ya ce zafin garinmu Yelwa ya busar da fatar, iska na zurarewa, shi ya sa yaro ke busa kamar mai hura wutar ɗanyen ice.
Na ce, in kuma ƙirjin ne fa? Ya ce, "Ni wannan na iya gyarawa."
Ya gasa maɓallin da kyandir, danƙon ya narke, ya cire tsohuwar ya sa sabuwa. Idonsa ya yi rauni, sai ni ke jan takardar ina cewa nan gefen ya kama, can bai kama ba. Ya sake gasawa, ya tura fatar da kan allura. Ya murɗa wata 'yar ƙusa kaɗan don maɓallai biyu su sauka tare. Har la'asar, kifina na can.

Laraba, 13 ga Mayu
Na ajiye masa akwatin kan tabarma. Ya busa. Murya ɗaya doguwa, ba ta tsinke ba har awaki suka ɗaga kai. Ya ce, "Inna, wa ya taɓa ta?" Na ce je ka ci abinci.

Juma'a, 15 ga Mayu
Ya yi tari da safe. Ya ce hayaƙin bandata ne. Mai yiwuwa. Na kai shi asibiti dole, suka saurari ƙirjin suka ce ba su ji komai ba. Ubansa ma haka aka ce da farko.

Litinin, 18 ga Mayu
Motar ta tashi da hantsi. Ban raka shi tasha ba, ina da aiki. Na sa masa ƙuli da busasshen kifi a jaka. Da takardar taba. Da kaina na je tireda na saya, mai tiredar na kallona, Mairo na kallona. An ce Birnin Kebbi ta fi nan zafi, fatun za su bushe, shi ke nan dalili.