Shirun Da Na Kasa Yi

Baban Lele,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Lele, da Inna da ciwon ƙafarta. Ya shago? Ni dai lafiya lau, sai kewa.

Kwaleji ta turo ni wata makaranta a ƙarshen gari domin koyarwar gwaji. Zangon ƙarshe ke nan, in na ci sai gida. Ɗakin da aka ba ni yana bayan sito, gado ɗaya, taga ɗaya mai kallon katanga. Da an tashi yara, shi ke nan, ko tarin mutum ba ka ji. Kai da kake ce mini Rediyo, zo ka ga rediyonka ba mai saurare. Jiya na kama kaina ina yi wa bokiti bayanin darasi.

Ajin 'yan shekara shida aka ba ni, sa'annin Lele. Ka ji su in na nuna allo! Ina faɗa suna amsawa, har ajin kusa sai sun rufe ƙofa. Littafin farko kuwa sun iya shi kaf. Malamar da ke duba mu za ta zo mako mai zuwa, ni kam ko a jikina.

Ka ce wa Inna ta riƙa sassauta hannu in tana tsefe wa Lele kai.

Taka,
Rediyonka

Baban Lele,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ya kuka kwana biyu? Na ji zazzaɓin Lele ya sauka, alhamdu lillahi.

Malamar ta zo, kuma na sha kunya. Wata dattijuwa ce mai tabarau, ba ta ɗaga murya. Ta bar ni na gama rawar kaina, sannan ta riƙa kiran yaran ɗaya bayan ɗaya. Sai ta buɗe tsakiyar littafi, ta rufe hoton da tafin hannu, ta nuna kalma guda. Wallahi kamar ba su taɓa ganin littafin ba. Ashe hadda suka yi mini.

Ta ce ni ce nake karatun, su bakinsu kawai suke ara mini. Wai in yaro ya maƙale, in bar shi ya bi sautin baƙaƙen da yatsansa, in ja bakina in jira, ko da zai kai minti. In na faɗa masa, na ƙwace masa kalmar. Za ta dawo ƙarshen zango ta zaɓi yaro ɗaya in zauna da shi. In na sa baki, sai na maimaita zangon.

Na ji haushi, har na ƙi cin abinci. Mutum ya wuni ya kwana ba abokin magana, ya shigo aji kuma a ce ya yi shiru? Amma ina gwadawa. Kan ƙaramar kujera nake zama, gwiwata har ƙirji, ina cizon bakin mayafi. Wasu yaran sun fara karantawa da kansu. Akwai wata 'yar siririya da yara ke kira Shiru-shiru, ita ce har yanzu ba ta motsa ba.

Ku sa ni a addu'a. Na gaji da cin abinci ni kaɗai.

Taka,
Rediyonka

Baban Lele,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Ya jikin Inna?

Kada ka zo tasha ranar Asabar. Ban ci ba.

Shiru-shiru malamar ta zaɓa. Layin farko ta karanta shi tiryan-tiryan, har zuciyata ta fara haɗa kaya. A layi na biyu ta tsaya. Yatsanta na kan kalmar. Na jira, Allah ya sani na jira. Sai ta ɗago ta dube ni, ido ya cika da ƙwalla, leɓen ƙasa ya turo kamar yadda Lele take yi. Ban san lokacin da kalmar ta fita daga bakina ba. A hankali na faɗa, amma malamar ba kurma ba ce.

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta dafa kafaɗata ta ce tausayi ba laifi ba ne, amma sai wani zangon. Na koma ɗaki na yi kuka har na gode Allah, sannan na zazzage jakar da na riga na ɗaure.

Na so in riƙe malamar a rai, in ce zalunci ne. To da safe sai ga Shiru-shiru tun kafin a shiga aji, da littafinta a buɗe. Ta ɗora yatsa kan kalmar nan ta jiya, ita ɗin dai, tana kallon bakina in sake faɗa mata. Ko harafin farko ba ta riƙe ba.

Na jawo kujera na zauna kusa da ita, na rufe bakina. Ta yi kuka, ni ma saura kaɗan. Har aka kaɗa ƙararrawa sauti biyu kawai ta fitar. Gobe ma za mu zauna.

Kai za ka faɗa wa Lele, ni ba zan iya ba. Kada ka ce mata na kusa dawowa, don ban kusa ba.

Ina kewarku ƙwarai.

Taka har kullum,
Maman Lele