Kakin gardawa, babba da ƙarami kuɗi ɗaya

Maraɗi, daren Laraba, watan Sha'aban

Kwamanda ya ƙi ƙara kuɗin ɗinkin. Ni na fassara masa kukan Yaya Idi a biro, wato ofishinsa, ni kuma na fassara amsar.

Yaya ya karɓi ɗinkin kakin gardawan bariki, dogaran gwamnati, kowane mutum kuɗi ɗaya, sayen yadi kuma a kan Yaya. Da gardin bakin ƙofa ya yi lissafi, wanda bai fi ni jiki ba. Sai ga na Jiratawa sun zo awo, wani ƙato a cikinsu, Bawa, shi kaɗai ya ci yadin mutum biyu.

Yaya ya ce mini, "Kai ɗan makarantar lakwal, gaya masa ko a kasuwa ba a sayar da rigar ƙato kuɗin ta yaro."

Kwamanda ya ce abin da babba ya ci, ƙarami zai rage, kuma ba Bawa ya yi kansa ba. Akwai gaskiya a maganar. Amma keken ɗinkin da ke jingina wurin mai yadi na Yaya ne.

Saura gardawan Tibiri. An ce gajeru ne, sirara. Ban ga ko ɗaya ba, sai Juma'a za su zo awo.