Hoton Jikar da Firintarku Ta Ƙi Fitarwa

Zuwa ga shugabannin kamfanin da ya ƙera firintar da nake aiki da ita, da masu rubuta manhajar da ke haɗa ta da kwamfuta.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Ni mutumin Wagini ne a ƙasar Batsari, ina buga wa mutane takardu a wani ɗan shago a Fatakwal. Shekara huɗu rabona da gida, ga tsadar mota, ga halin da hanya take ciki. Mahaifiyata ta baro ƙauye, tana zaune a Batsari wurin ƙanena. An haifa mini 'ya na sa mata sunanta, muna ce mata Ummi, har yau ba su ga juna ba. Inna ba ta yarda da hoton waya, ta ce na takarda take so, wanda za ta riƙe a hannu.

Na ɗaya. Malam Sada, mai motar da ke kawo shanu daga wajenmu, shi ke kai mana saƙo, kuma sai ya yi wata biyu bai zo ba. Ranar Lahadin da zai koma, masu wankin hoto duk sun rufe. Na sa takardar hoto a firintata don in fitar da hoton Ummi, na danna. Sai allon ya nuna kalma ɗaya mai nufin akwai matsala, da jerin lambobi da haruffa. Shi ke nan. Matsalar me? A ina? Na kashe na kunna, na cire tawada na mayar, na canza wayar da ke haɗa ta da kwamfuta. Tun hantsi nake fama har aka kira azahar, motar ta tashi.

Na biyu. Bayan kwana uku wani mai gyara ya gano abin. Ashe kwamfuta girman takardar rubutu ta sani, ni kuwa na sa ƙarama. Gyaran duka danna wuri ɗaya ne. Na'urarku ta san abin da ke damunta sarai, ta ƙi faɗa. Ko akuya in ta yi kuka, mai ita yakan gane yunwa ce ko ƙishirwa.

Ban ɗora muku laifin duka ba. Ni na bari sai ranar ƙarshe, wai ina jira a gama wa yarinya kitso. Kuma firintar ta daɗe tana ciyar da ni, ban manta ba.

Na uku. Hoton ya tafi a zuwan Malam Sada na gaba. Kafin nan yanar da ta daɗe tana damun idon Inna ta gama rufe shi. Ƙanena ya ce ta karɓa ta yi ta shafawa da yatsa, tana tambayarsa wa yarinyar ta biyo, ni ko uwarta.

Roƙona, ku rubuta saƙonninku da maganar mutane. In takarda ce, ku ce takarda. In ba za ku yi da Hausa ba, ku yi da Turanci mai sauƙi, lambobin ku ajiye wa injiniyoyinku.

Allah Ya yi wa sana'arku albarka, Ya bar ku kusa da iyayenku. Mu kuma Ya buɗe mana hanya in kai Ummi Batsari, Inna ta ji muryarta, ta shafa kanta.

Wassalam.

Lawal Wagini,
Fatakwal.