Tantabarunka Suna Harami

Yaya Abdulilah,

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, amma ka san ba na iya ɗaga ido a gabanka.

Jiya da 'yan difa'il madani masu aikin ceto suka ce a bar unguwa, ruwa na tafe, cewa ka yi ba za ka bar tantabarunka ba, kuma ba mai fita da Umma. Da ruwa ya shigo ɗaki, ni na goya ta, muka faɗi a matakala. Ƙugunta ya karye, kai kana kan soro.

Tana mustashfa, wato asibiti, tana ta tambayarka. Ka je.

Yau da asuba na zuba tantabarun a kwali, na sake su cikin na Masallacin Harami, inda ba a taɓa tsuntsu. In ka isa, kamo ɗaya.

Zubaidatu