Kiɗin Gajere a Cikin Akwati

Wurno, ranar Laraba

Zuwa ga amini Abdulƙadiri,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Goronyo. Yaya gwiwar taka?

Ka tuna akwatin kiɗinmu na Japan, wanda Alhaji Sale ya zo da shi daga Jidda lokacin da ake gina madatsar ruwanku? Ka tuna yadda marigayi Gajere, makaɗinmu, ya zage shi, wai ganga ce marar fata marar kunya? Amma shi ne ya kwana bakwai yana danna maɓallai da yatsa ɗaya, har ya cusa mashi kiɗin gayyar noma. Da shi munka zagaya bukukuwan Rabah da Marnona, kai da waƙa, ni da ɗaukar kaya.

To, jikana Mujaheed ya sa hoton akwatin a waya. Wani mutumin Legas ya ce irinshi kaɗan sunka rage a duniya, yana so ya saya. Na ce a'a. Batir huɗu ke riƙe da kiɗin nan. Shekara talatin ina canza su, akwatin na jone da wuta don kada ya manta. Nan kaɗai hannun Gajere ya rage.

Naka,
Musaddiƙ

Wurno, ranar Lahadi

Abdulƙadiri,

Sallama da fatan alheri. Gwiwa ta yi sauƙi?

Abin da nike tsoro ya auku, kuma ba daga Legas ba. Adawiyya, uwargidana, rediyonta ya mutu ana tsakar wa'azi, ta zare batiran akwati ta sa. Da na mayar, sai ya dinga yi min kiɗin rawar Turawa. Na Gajere ya tahi. Ta yi kuka har ni da anka yi wa ɓarna na koma mai lallashi.

Jiya ina ɗaure buhunan albasa, sai na ji yatsuna na buga buhu. Farkon kiɗin ne, daidai. Amma wurin juyin nan da Gajere ke yi in manoma sun kai ƙarshen kunya ya ɓace min. Kai ka yi waƙa bisa shi shekara goma, yana bakinka.

Ka hau babur ka zo, ko gwiwa ta ƙi. Gajere kwana bakwai ya yi yana cusa wa akwatin kiɗin; mu tsofaffi ne, mu ba aikin wata guda. Adawiyya ta sayo batir takwas, ta ce huɗu na Gajere ne.

Naka har kullum,
Musaddiƙ